Wa'adin Mulki: Shekara Nawa, Kuma Sau Nawa?

A darasin da ya gabata mun ga yadda ake hawa kujerar mulki ta hanyar zaɓe. Yau za mu duba yadda ake sauka daga kanta. Hawa kowa na so, da kiɗa da guɗa ake raka mutum. Saukar ce mai wuya, shi ya sa ƙasashe da yawa ba su bar ta a hannun mai mulki ba, suka rubuta ta a doka har da rana da wata. In mun kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya lissafa wa'adin shugaban ƙasa ko na gwamnansa da kansa, ya san dalilin da ya sa aka yi masa iyaka, ya kuma gane take-taken tazarce tun kafin su yi nisa.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Tambayoyi biyu ne a nan, kuma mutane kan cakuɗa su. Ta farko: in an zaɓi mutum, shekara nawa zai yi kafin a sake komawa rumfar zaɓe? Ta biyu: sau nawa aka yarda a zaɓe shi a kan wannan kujera? Duk ƙasar da ke yin zaɓe ta amsa ta farkon. Ta biyun ce ba kowace ƙasa ta amsa ba, kuma a kanta aka fi ɗaga jijiyar wuya.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya amsa duka biyun. Sashe na 135 ya ba shugaban ƙasa shekara 4, ana ƙirgawa daga ranar da ya yi rantsuwar kama aiki. Sashe na 137 ya hana duk wanda aka taɓa zaɓa sau biyu a wannan muƙami sake tsayawa takararsa. Sashe na 180 da na 182 sun shimfiɗa wa gwamnoni irin wannan ƙa'ida. Ke nan shekara 4 sau biyu, 8, daga nan sai a ba wani wuri.

A lura da kyau, zaɓukan da mutum ya ci doka take ƙirgawa, ba ruwanta da ko a jere ya ci su ko an tsallaka. Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi gwamnan Kano daga 1999 zuwa 2003, ya faɗi zaɓe, Malam Ibrahim Shekarau ya yi shekara 8, sannan Kwankwaso ya dawo daga 2011 zuwa 2015. Da wannan dawowa lissafinsa ya cika. Yana iya neman sanata, yana iya neman shugaban ƙasa, kuma duk ya nema, amma kujerar gwamna ya gama da ita. Mulkin da ba ta hanyar zaɓe aka same shi ba kuwa ba ya shiga lissafi. Olusegun Obasanjo ya yi mulkin soja daga 1976 zuwa 1979, Muhammadu Buhari daga ƙarshen 1983 zuwa Agustan 1985, kuma kowannensu ya dawo a farar hula ya yi wa'adi biyu cif.

To wanda ya gaji kujera a tsakiyar wa'adi fa? Da farko kundin bai ce komai a kai ba. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayun 2010, washegari aka rantsar da mataimakinsa Goodluck Jonathan ya ƙarasa shekarar da ta rage. Jonathan ya ci zaɓen 2011. Da ya fito takara a 2015 sai gardama ta tashi: in ya ci, za a rantsar da shi karo na uku, kuma zai zarce shekara 8. Kotu ta ba shi damar tsayawa, tunda sau ɗaya aka taɓa zaɓensa, amma ya faɗi, ya miƙa mulki ga Buhari. A 2018 aka toshe wannan kafa da gyaran da aka yi wa sashe na 137 da na 182: duk wanda aka rantsar don ya ƙarasa wa'adin wani, sau ɗaya tak za a iya zaɓensa bayan nan.

Akwai wata kafar da kotu ta toshe. Bayan zaɓen 2007 an soke nasarar wasu gwamnoni, aka sake zaɓe, suka sake ci, aka sake rantsar da su a 2008. Sai suka ce shekara 4 ɗinsu daga rantsuwa ta biyu za a fara ƙirgawa, wato watannin da suka yi a baya sun tafi a banza. Ranar 27 ga Janairun 2012 kotun ƙoli ta ce a'a, daga rantsuwar farko lissafi yake farawa. A ranar gwamnoni 5 suka sauka: Murtala Nyako na Adamawa, Aliyu Wamakko na Sakkwato, Ibrahim Idris na Kogi, Liyel Imoke na Kuros Riba da Timipre Sylva na Bayelsa.

Hanya ɗaya kundin ya bari ta tsawaita wa'adi, ita ce idan ƙasa tana yaƙi a cikin yankinta har zaɓe ya gagara. Ko a nan ma majalisar tarayya ce ke da ikon tsawaitawa, kuma kada ya wuce wata 6 a kowane karo.

'Yan majalisa su ba a sa musu iyaka ba. Suna komawa zaɓe duk shekara 4, amma ko sau nawa jama'a suka mayar da su doka ba ta hana ba. David Mark ya yi shekara 20 a majalisar dattawa, daga 1999 zuwa 2019. Ahmad Lawan na Yobe ya shiga majalisar wakilai a 1999, ya koma ta dattawa a 2007, har ya shugabance ta a 2019. Shugabannin ƙananan hukumomi kuwa dokar kowace jiha ce ke yanka musu wa'adi, don haka sai ku bincika ta jiharku.

Me ya sa aka sa iyaka?

Mai tambaya zai ce, in dai akwai zaɓe, mene ne amfanin iyaka? Wanda bai yi aiki ba a kayar da shi, wanda ya yi a bar shi ya ci gaba. Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ce zuciyar wannan darasi.

Mu ɗauki ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta manoma, irin wadda da yawanku kuke ciki. An zaɓi shugaba mutumin kirki, kowa ya yaba. A shekarar farko littafin kuɗi na hannun ma'aji, hatimi na hannun sakatare. Ana tafe ana tafe, ma'ajin ya gaji ya ajiye, shugaba ya kawo ƙanin matarsa. Sakatare ya yi tafiya, hatimi ya koma durowar shugaba. Sa hannun banki nasa ne. Shi ke raba rumfuna, shi ke rubuta sunayen waɗanda za su samu takin da gwamnati ta kawo, shi ke kiran taro, shi ke ajiye rajistar masu ƙuri'a. Bayan shekara 12 aka ce a yi zaɓe. Wa zai tsaya da shi? Wanda ya tsaya ya san rumfarsa na hannun abokin takararsa. Wanda zai ɗaga hannu ya ƙi shi ya san ana kallonsa. Ko da shugaban bai saci ko sisi ba, zaɓen ya riga ya karkata tun kafin a fara.

Haka abin yake a ƙasa, sai dai a nan abin da ke cikin durowar ya fi hatimi girma. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban hukumar zaɓe, da hafsoshin soja, da sufeton 'yan sanda, da manyan alƙalai, ko da kuwa sai majalisa ko wata hukuma ta sa baki. Gidan rediyo da talbijin na gwamnati labarinsa suke fara bayarwa. Kwangila ta hannun mutanensa take bi. Kowace shekara da ya ƙara a kan kujera, waɗanda suka san cinsu da shansu ya dogara da zamansa ƙaruwa suke yi, masu iya gaya masa gaskiya kuma raguwa suke yi. In aka kai shekara 15 ko 20, kusan duk wanda ke riƙe da wani muƙami shi ya naɗa shi. A irin wannan hali zaɓe kaɗai ba ya isa ya kawar da mutum. Iyakar wa'adi ita ce ke tilasta a buɗe durowar lokaci-lokaci, wani ya duba abin da ke ciki.

Daga nan za ku gane cewa ba don mugun shugaba kaɗai aka yi wannan doka ba. Mugu, in zaɓe na da tsabta, ƙuri'a ta ishe shi. An fi yin ta domin shugaba mai ƙarfi, mai farin jini, wanda jama'a ke ganin in babu shi komai zai tsaya. Irinsa ne ke iya roƙon a ƙara masa a kuma ƙara masa, kuma ƙofar da aka buɗe masa ba ta rufuwa in ya tafi, wanda ya biyo baya ma ta nan zai shiga, nagari ne ko mugu.

Wani zai kawo misalin sarauta, ya ce ai mu mun saba da mulkin da ba shi da wa'adi. Gaskiya ne. Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya hau gadon sarauta a 1963, ya rasu a kai a 2014, shekara 51, kuma ba wanda ya ce ya daɗe. Amma sarki a yau ba shi ke riƙe da baitulmalin jiha ba, ba shi da soja, ba shi ke shirya zaɓen da za a yi a kansa ba. Uban ƙasa ne. Shugaban da aka zaɓa kuwa amana aka ba shi ta ɗan lokaci, tare da kuɗin jama'a da makamansu, kuma a kan sharaɗin lokacin ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa.

Inda tsarin ya samo asali

Tsarin wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu daga Amurka muka ɗauko shi, lokacin da kundin 1979 ya koma tsarin shugaba mai cikakken iko. Su ma can ba a doka ya fara ba. Shugabansu na farko, George Washington, ya yi wa'adi biyu, a 1796 ya sanar cewa ba zai sake tsayawa ba, alhali da ya tsaya da wuya a samu mai kayar da shi. Waɗanda suka biyo baya suka riƙi wannan a matsayin al'ada fiye da shekara 140, har zuwa kan Franklin Roosevelt, wanda ya ci zaɓe sau huɗu, a 1932, 1936, 1940 da 1944, ya rasu a kan mulki a 1945. Roosevelt shugaba ne da talakawan Amurka suka ƙaunata, amma duk da haka bayan rasuwarsa sai suka ga al'ada kaɗai ba ta riƙe mai ƙarfi. Suka shigar da iyakar cikin kundinsu a gyara na 22, wanda ya fara aiki a 1951.

A Afirka yawancin ƙasashe sun rubuta iyakar ne daga 1990 zuwa sama, lokacin da aka bar tsarin jam'iyya ɗaya da mulkin soja. Rubutawar ba ta yi wuya ba, domin a lokacin shekara 8 ko 10 kamar ba za ta zo ba. Da ta zo sai aka fara ganin halin kowa. Jerry Rawlings na Gana ya cika wa'adinsa biyu, jam'iyyarsa ta faɗi zaɓe, ya miƙa wa John Kufuor na adawa a Janairun 2001. Wasu kuwa sai suka ɗauko alƙalami.

Abuja, 2006

Gyara kundin Najeriya ba abu ne mai sauƙi ba, kuma da gangan aka yi shi haka. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa da na majalisar wakilai sun amince, sannan majalisun dokokin jihohi 24 cikin 36 su ma su amince.

A 2006, wa'adin Obasanjo na biyu na gab da ƙarewa, aka kawo wa majalisa ƙudurin gyara mai ɗauke da batutuwa fiye da 100. Mataimakin shugaban majalisar dattawa, Ibrahim Mantu, shi ya jagoranci kwamitin da ya shirya shi. A cikin wannan tulin aka cusa sakin layi guda da zai mayar da wa'adin shugaban ƙasa da gwamnoni uku maimakon biyu. Sanya gwamnoni a ciki dabara ce, domin su ke riƙe da majalisun jihohi. Jam'iyyar PDP na da rinjaye a majalisun tarayya biyu, kuma ita ke mulkin mafi yawan jihohi. A lissafin takarda, ƙudurin ya kamata ya wuce. An kuma yi ta zargin cewa ana raba wa 'yan majalisa maƙudan kuɗi. Shi Obasanjo ya sha musanta cewa ya nemi wa'adi na uku.

Amma jama'a ba su manta da 1998 ba, lokacin da jam'iyyu biyar ɗin da ake da su duk suka tsayar da Janar Sani Abacha ɗan takararsu. Ƙungiyoyin ƙwadago, lauyoyi, jaridu da malamai suka tashi. Mataimakin shugaban ƙasa Atiku Abubakar ya fito fili ya ƙi. Shugaban majalisar dattawa Ken Nnamani kuma ya yi wani abu da ya sauya lissafin: ya bari aka haska muhawarar kai-tsaye a talbijin, kowane sanata ya miƙe da sunansa da fuskarsa ya faɗi inda ya tsaya, mutanen mazaɓarsa na kallo a gida da shaguna. Wanda ya yi alƙawari a ɗaki cikin dare, da rana ya ga kyamara a gabansa, sai harshe ya yi masa nauyi. Ranar Talata 16 ga Mayun 2006 Nnamani ya tambayi zauren ko a yi wa ƙudurin karatu na biyu. Muryar masu cewa a'a ta rinjaya, ya buga gudumarsa, ƙudurin ya mutu. Majalisar wakilai, wadda Aminu Bello Masari ke shugabanta, ita ma ta ajiye maganar. Ranar 29 ga Mayun 2007 Obasanjo ya sauka.

An yi asara a wannan rana, domin gyare-gyare masu amfani da ke cikin ƙudurin duk sun bi shi kabari. A ganina asarar ta cancanta. Tun daga ranar babu shugaban Najeriya da ya sake kai irin wannan buƙata gaban majalisa.

Yamai, 2009

Shekara uku bayan nan maganar ta tsallaka iyaka. Kundin Nijar na 1999 ya fi na Najeriya tsauri a wannan batu: ya ba shugaba shekara 5 sau biyu, sannan ya ce wannan sashe ba ya gyaruwa ko ta wace hanya. Tandja Mamadou ya hau mulki a Disambar 1999, aka sake zaɓensa a 2004, wa'adinsa zai ƙare ranar 22 ga Disambar 2009.

Tandja ba shugaban da aka tsana ba ne. Mutanen karkara na sonsa ƙwarai, Baba Tandja suke ce masa, saboda rijiyoyi da azuzuwa da ɗakunan shan magani da aka gina a ƙauyuka. Hujjar masu tazarce ita ce manyan ayyukan da ya fara ba su ƙare ba: madatsar ruwa ta Kandaji, gada ta biyu a Yamai, haƙar man Agadem da matatar mai ta Damagaram, da ma'adinin yuraniyom na Imuraren. Suka ce a ƙara masa shekara 3 ya ƙarasa.

Ku bi matakan da aka taka ɗaya bayan ɗaya. Tunda sashen ba ya gyaruwa, sai aka ce za a kawo sabon kundi gaba ɗaya ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta ce hakan ya saɓa doka. Ranar 26 ga Mayun 2009 Tandja ya rusa majalisar dokoki. A watan Yuni kotun ta soke dokar da ta kira ƙuri'ar. Kafin watan ya ƙare Tandja ya ɗauki ikon mulki na dokar ta-ɓaci, ya rusa kotun ita ma, daga baya ya naɗa sababbin alƙalai. Ranar 4 ga Agusta aka yi ƙuri'ar, 'yan adawa suka ƙaurace, aka sanar da cewa fiye da kashi 92 cikin 100 sun amince. A Oktoba ƙungiyar ECOWAS ta dakatar da Nijar, ta tura Janar Abdulsalami Abubakar shiga tsakani, sulhun bai kai ga nasara ba. Ranar Alhamis 18 ga Fabrairun 2010, ana tsakiyar taron ministoci, sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kutsa fadar suka kama shi. Cikin shekara 3 da aka ƙara masa, wata biyu bai cika ba.

Matatar Damagaram da aka ce sai shi zai iya ƙarasa ta, an buɗe ta a Nuwambar 2011, Issoufou Mahamadou na kan mulki.

Ku kwatanta ƙasashen biyu. Dokar Nijar ta fi ƙarfi a rubuce, kotunta ta tsaya tsayin daka, amma shugaban ya ture majalisa da kotun ya wuce. A Najeriya dokar ta fi sassauci, sai dai majalisa ta ƙi, kuma shugaban ya karɓi ƙin. Abin da ke riƙe wa'adi shi ne mutanen da ke kan hanyar mai son ƙetare shi, ɗan majalisa da alƙali da ɗan jarida da mai ƙuri'a, in sun ƙi matsawa.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa juyin mulki magani ne. Sojan da ya hau da bindiga ba wanda ya yanka masa wa'adi, sai wanda ya yanka wa kansa. Salou Djibo ya miƙa mulki a 2011, amma ba kowane soja ke yin haka ba.

Dabarun tazarce

Hanyoyin ba su da yawa, kuma ana maimaita su daga ƙasa zuwa ƙasa. Mafi sauƙi ita ce a goge sashen kawai: Idriss Déby ya yi haka a Chadi a 2005, ya zauna har aka kashe shi a fagen daga a 2021. Yoweri Museveni ya yi a Yuganda a shekarar 2005 ɗin. Paul Biya, wanda ke mulkin Kamaru tun 1982, ya yi a 2008. Ta biyu ita ce a kawo sabon kundi a ce lissafi ya koma farko, kamar yadda Alpha Condé ya yi a Gini a 2020, sojoji suka kifar da shi a Satumbar 2021. Da irin wannan hujja Alassane Ouattara ya tsaya karo na uku a Kwaddibuwa a 2020. Ta uku ita ce musayar kujera: Vladimir Putin na Rasha ya koma firaminista a 2008, ya ajiye Dmitry Medvedev a kujerar shugaba, ya dawo a 2012. Akwai kuma jan ƙafa wajen shirya zaɓe, kamar yadda Joseph Kabila na Kwango ya ƙara shekara 2 bayan wa'adinsa ya ƙare a Disambar 2016.

Ba kullum dabarar ke ci ba. Blaise Compaoré ya shekara 27 yana mulkin Burkina Faso. Ranar 30 ga Oktoban 2014, ranar da majalisa za ta gyara sashe na 37 don ya sake tsayawa, jama'a suka mamaye ginin majalisar a Wagadugu suka banka masa wuta. Washegari ya yi murabus ya tsere. A Senegal kuwa kotu ta bar Abdoulaye Wade ya tsaya karo na uku a 2012, masu ƙuri'a suka kayar da shi.

A 2015, a taron shugabannin ECOWAS a Accra, an kawo shawarar a mayar da wa'adi biyu doka ga duk yankin. Togo da Gambiya suka ƙi, aka jingine ta.

Abin da masu suka ke cewa

Dole mu saurari ɗaya ɓangaren. Suna cewa iyaka na tauye wa mai ƙuri'a 'yancinsa, tunda tana hana shi zaɓen wanda yake so. Suna nuna Jamus, inda Angela Merkel ta shekara 16 tana mulki, daga 2005 zuwa 2021, ba wanda ya kira ta 'yar kama-karya. Amsar ita ce tsarin ya bambanta. A Jamus da Ingila sai da goyon bayan majalisa shugaban gwamnati ke zama a kujera, kuma tana iya sauke shi ko yaushe. Margaret Thatcher ta shekara 11 tana firaministar Ingila, 'yan jam'iyyarta ne suka tilasta mata sauka a 1990. Shugaba mai cikakken iko irin namu ba a sauke shi da sauƙi haka, shi ya sa ake buƙatar kalanda ta sauke shi.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba ni da cikakkiyar amsarta. Gwamnan da ke wa'adinsa na biyu ya san ba zai sake zuwa neman ƙuri'arku a kan wannan kujera ba. Tsoron da ke sa shi biyan albashi da gyara hanya a zangon farko ya ragu. Da yawanku kun ga bambancin da idonku. Wasu na ganin maganin shi ne wa'adi ɗaya mai tsawo, kamar shawarar da Jonathan ya kawo a 2011 ba ta samu karɓuwa ba, ko kamar yadda shugabannin jami'o'in tarayya ke yin shekara 5 sau ɗaya. Amma wannan ya cire tsoron ne tun daga ranar farko. Abin da ya rage mana a zango na biyu shi ne majalisar da ke bin diddigin kasafin kuɗi, da sanin cewa kariyar da sashe na 308 ya ba gwamna daga gurfana a kotu tana ƙarewa ranar da ya sauka.

Akwai kuma abin da iyaka ba ta warkarwa ko kaɗan, wato siyasar ubangida. Meziko ta fi kowa tsanani a wannan doka: shekara 6 sau ɗaya, ba dawowa har abada, bayan wahalar da suka sha a hannun Porfirio Díaz wanda ya mamaye mulkinsu daga 1876 zuwa 1911. Amma jam'iyya ɗaya ta riƙe ƙasar daga 1929 zuwa 2000, shekara 71, kowane shugaba mai barin gado na nuna magajinsa. Mu ma mun san wannan. Obasanjo ya sauka a 2007, amma shi ya tsaya wa 'Yar'aduwa, kuma zaɓen ya yi muni har shi 'Yar'aduwa ya amsa a jawabinsa na rantsuwa cewa akwai kurakurai a cikinsa. A jihohi gwamna kan gama shekara 8, ya ɗora yaronsa, shi kuma ya wuce majalisar dattawa. Sai dai ko a nan iyakar ba ta tashi a banza ba. Sau da yawa wanda aka ɗora, da zarar ya ji alƙalami a hannunsa, sai ya daina karɓar umarni, rigima ta ɓarke, asirai su tonu, mai ƙuri'a ya samu zaɓin da da ba shi da shi.

Haka kuma cika wa'adi ba ya ba da tabbacin zaman lafiya. Issoufou ya yi shekara 10 ɗinsa, ya miƙa wa Mohamed Bazoum ranar 2 ga Afrilun 2021, karon farko a tarihin Nijar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Bazoum.

Tambayoyi da aikin gida

1. Mutum ya ci zaɓen gwamna a 2015, ya faɗi a 2019, ya sake ci a 2023. Zai iya tsayawa takarar gwamna a 2027? Ka kafa hujja da sashen kundi.

2. Gwamna ya rasu bayan shekara 2 a kan mulki, aka rantsar da mataimakiyarsa. Sau nawa za a iya zaɓenta gwamna bayan nan, kuma shekara nawa za ta iya yi gaba ɗaya?

3. Majalisun jihohi nawa ake buƙata su amince kafin a gyara wa'adin shugaban ƙasa?

4. Ku kasu gida biyu a aji. Ɓangare ɗaya ya kare ra'ayin a sa wa 'yan majalisa iyakar wa'adi, ɗayan ya kare a bar su yadda suke. Kowane ɓangare ya kawo misali daga mazaɓarsa.

5. Duk wanda ke cikin wata ƙungiya, ta sana'a ce, ta unguwa, ta mata ko ta iyayen yara, ya nemo dokokinta a rubuce ya zo da su mako mai zuwa. Za mu duba ko an faɗi shekarun da shugaba zai yi, ko an faɗi sau nawa, da kuma wanda ke ajiye rajistar masu zaɓe. In ƙungiyarku ba ta da rubutacciyar doka, ku zo da takarda da biro mu tsara wannan sashe tare a aji.